Gayyar kwamfutoci: kowane aiki da wa'adinsa

Manomin Karakara, cikin jihar Doso, ya san gayya: gonar da ta fi ƙarfin mutum guda, akan raba ta kunya-kunya. Haka masana ke yi da lissafin da ya fi ƙarfin kwamfuta guda. Daga 2006 zuwa 2016, cibiyar Suwis mai binciken cututtukan ƙasashe masu zafi ta gudanar da shirin MalariaControl.net, inda dubban ƴan sa kai suka ba da aron kwamfutocinsu domin lissafin yaɗuwar zazzaɓin cizon sauro da hanyoyin yaƙarsa.

Manhajar BOINC, wadda aka ƙera a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley, ita ce mai tsara irin wannan gayya. Cibiya takan yanka lissafi gunduwa-gunduwa, kowace da ranar mayarwa, su jeru cikin kwamfutar ɗan sa kai. Gunduwar da ke neman makara, ita manhajar ke gabatarwa. In rana ta wuce, cibiya takan miƙa gunduwar ga wani, sakamako ya jinkirta.

Saboda haka, inda lantarki ke yawan yankewa, ya kamata ɗan sa kai ya rage yawan aikin da kwamfutarsa ke ɗauka, domin ta cika alkawari kan lokaci.