Ko Kun Sani? Fim Ma Kasuwa Ne

Ko kun san cewa lokacin da Najeriya ta sake lissafin ƙarfin tattalin arzikinta a 2014, an gano harkar fim da waƙa na samar da kusan kashi 1.4 cikin ɗari na arzikin ƙasa? Wannan kuɗi ba a aljihun jarumai kaɗai yake tsayawa ba. Idan aka kafa kyamara yini guda a Unguwar Dosa ta Kaduna, telan da ya ɗinka kayan wasa zai samu, mai abinci za ta sayar, mai Keke Napep zai yi jigila, mai gidan da aka ara zai karɓi haya, ga kuma yaron da ke tace hoto a kwamfuta. Yawancinsu matasa ne, irin waɗanda ake kukan ba su da aikin yi.

Hannun gwamnati a wannan harka ba sabon abu ba ne. Da kuɗinta Adamu Halilu ya shirya fim ɗin Shehu Umar a 1976, wanda aka gyara aka sake nunawa a bikin fina-finai na Berlin a 2018. A 2017 kuma gwamnatin Kaduna ta mara wa bikin littattafai da fasaha na KABAFEST baya.

Abin takaici shi ne alƙaryar fim ta naira biliyan 3 da aka shirya ginawa a Kofa ta jihar Kano, aka soke a 2016 bayan suka daga wasu malamai. Gyara tsarinta ya kamata a yi, tare da malaman, domin ayyukan yin da ta ƙunsa.