Masu Ƙidayar Tsuntsaye A Tekun Ƙanƙara

A ƙarshen duniya ta arewa da ta kudu akwai teku inda sanyi ya ke sandarar da ruwa ya zama ƙanƙara. Masana su kan shiga jirgin ruwa su tafi can su yi watanni, suna auna ruwa da iska, suna duban dabbobi. Ina so in bayyana muku yadda su ke zama da yadda su ke aiki, domin aikin nan ya shafe mu.

Jamus tana da wani jirgi mai suna Polarstern, wanda ya fara aiki a 1982. Tsawonsa mita 118 ne, an kuwa ƙera shi don ya fasa ƙanƙara. Ran 20 ga Satumba 2019, ya tashi daga Turomso ta ƙasar Norwe ya nufi tekun Aktik na arewa. Da gangan aka bar shi ya daskare cikin ƙanƙara, tana tafiya da shi inda ta ga dama. Bai koma gida ba sai ran 12 ga Oktoba 2020.

Zaman wurin nan sai mai haƙuri. Da hunturu rana ta kan faɗi ta yi watanni ba ta fito ba, sai a yi ta aiki da fitila. Ba mai sauka kan ƙanƙara sai da mai gadi riƙe da bindiga, saboda farin beya, wata ƙatuwar dabba mai cin nama. Nufin mai gadi ya hango ta tun daga nesa a kore ta, kowa ya koma jirgi lafiya.

A irin waɗannan tafiye-tafiye, sa'ad da jirgi ya ke gudu a buɗaɗɗen ruwa, a kan sa mai ƙidaya a ɗakin tuƙi, can sama, da tabaron hangen nesa da littafi. Ba ya ƙirga duk abin da ido ya kai. A kan yanka masa iyaka, kamar mita 300 daga gefen jirgi, a kuma raba masa lokaci minti goma goma. Kowane tsuntsu ya shigo cikin iyakar nan, ko wel, watau ƙaton dabbar teku mai fesar da numfashi sama, sai ya rubuta irinsa da yawansa da wurin. In bai ga kome ba, sai ya rubuta bai ga kome ba, gama wannan ma labari ne. Da haka a ke iya gwada ƙidayar bana da ta shekara ashirin da suka wuce. Abin kuwa ya zama tilas, don tun 1979 da aka fara auna ƙanƙarar Aktik daga sama, ta damina tana ta raguwa, a 2012 ta yi ƙarancin da ba a taɓa gani ba.

To, ina ruwanmu? Tsuntsu bai san iyakar ƙasa ba. Akwai wani farin tsuntsun teku, Aktik tan, mai yin ƙwai a arewa, sa'an nan ya bi ta gabar Afirka ta Yamma har tekun ƙanƙara na kudu. A 2010 aka bayyana cewa tafiyarsa da komowarsa a shekara ta kai kamar mil 44,000. Akwai kuma ƙananan tsuntsayen bakin ruwa masu dogayen ƙafafu da ke ƙyanƙyasa a arewacin Rasha, su zo cin rani fadamun ƙasashenmu, kamar na Haɗeja da Nguru. Wanda ya tsaya bakin Gulbin Zamfara a Jega da hunturu zai ga baƙin nan suna kiwo cikin taɓo. In fadama ta ƙafe, ko yara suka dame su da danƙo, masu ƙidaya na can arewa za su ga giɓi a littafinsu.

Yawancinmu za mu fita mu koyar a garuruwa irin su Jega da Aliero da Maiyama. Ba mu da jirgi, amma muna da ido da fensir. Kowane malami ya ajiye littafi guda a ajinsa. Yara su zaɓi wuri ɗaya, bakin tafki ko gefen lambun albasa, su riƙa zuwa rana ɗaya a mako, su tsaya minti goma, su ƙirga. Su rubuta ranar da shamuwa ta fara sauka gabanin damina, da ranar da ta tashi ta nufi kudancin Afirka. Yaro zai koyi lissafi da labarin ƙasa da faɗin gaskiya a lokaci guda. Malamin da ya gaje mu kuwa zai tarar da abin da zai gwada nasa da shi. Allah ya ba mu haƙurin yi, amin.