Agogon Awon Zuciya: Shin Mai Juna Biyu Za Ta Iya Dogara da Shi?

Uwargida, idan kina da juna biyu, jinin jikinki yana ƙaruwa da kusan kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, bugun zuciyarki kuma yana ƙaruwa da 10 zuwa 20 a minti ɗaya. Shi ya sa mata da yawa suke jin faɗuwar gaba ko zuciya na dukan uku-uku. Saboda haka wasu magidanta kan sayo wa iyalinsu agogon hannu irin Apple Watch, ko ƙaramar na'urar aljihu irin KardiaMobile, masu ɗaukar awon lantarkin zuciya cikin daƙiƙa 30.

Abin da suke iya yi

Babban amfaninsu shi ne kama bugun da ya rikice na ɗan lokaci sannan ya daidaita kafin a iso asibiti. Sun fi ƙwarewa wajen gano karkarwar ɗakunan sama na zuciya, wadda takan haddasa shanyewar ɓarin jiki. Idan kika ji zuciyarki ta canza, ki zauna, ki natsu, ki ɗauki awon, ki ajiye shi a waya, ki nuna wa likita ranar awon ciki.

Abin da ba sa iya yi

Agogon yana duban zuciya ta fuska ɗaya ne kawai, alhali na'urar asibiti tana dubanta ta fuska 12. Motsi, gumi ko sakin maɗauri na iya sa ya ba da sakamakon ƙarya. Haka kuma an tsara shi ya ɗauki bugu sama da 100 a matsayin sauri, kuma mai ciki lafiyayya takan kai kusa da haka. Ba ya auna bugun zuciyar jariri, ba ya kuma gano hawan jinin masu ciki da ke kawo jijjiga.

Hattara da ciwon zuciya na jego

Wannan ciwo yana raunana naman zuciya a watan ƙarshe na ciki ko cikin watanni 5 bayan haihuwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka nuna yana da yawa a arewacin Nijeriya. Mace na iya ɗauke da shi alhali agogo yana nuna mata komai daidai ne, domin hoton zuciya na asibiti ne ke tabbatar da shi.

Ki garzaya asibiti, ko me agogo ya nuna, idan kin ga:
- haki ko da ba ki yi aiki ba
- kasa kwanciya a miƙe, ko tari da dare
- kumburin ƙafafu da ciki ko fuska
- ciwon ƙirji, jiri ko suma

Maigida, kada ka ce a jira gari ya waye. Na'ura mataimakiya ce, amma zuwa awon ciki da duba lafiyar mai jego bayan haihuwa su ne kariyar gaske.