Bayan Banki Ya Sayar da Gidan Jingina, Ragowar Kuɗin na Wane Ne?

Idan banki ya sayar da gidan da aka jinginar masa, yawancin mutane sukan ɗauka magana ta ƙare: gida ya tafi, mai shi ya tashi hannu rabbana. Wannan zato yana jawo wa mutane asarar da doka ba ta ɗora musu ba. Wanda ya ajiye takardar gidansa ya karɓi rance bai sayar da gidan ba, tabbaci ne kawai ya bayar cewa zai biya. Don haka iyakar haƙƙin banki shi ne bashinsa, da kuɗin ruwan da aka yi yarjejeniya a kai, da abin da ya kashe wajen sayarwa. Duk kobon da ya haura wannan yana da mai shi.

Da yawa daga jihohin Arewa har yanzu suna aiki da dokar cinikin ƙasa da gidaje ta Ingila ta 1881, wadda muka gada daga zamanin mulkin mallaka. Sashe na 21 na dokar ya ce kuɗin da mai riƙe da jingina ya karɓa amana ce a hannunsa, ya kuma tsara yadda za a raba su. Za a fara sallamar duk wanda jinginarsa ta riga ta bankin, sannan a cire kuɗin da sayarwar ta ci, sannan bankin ya ɗauki bashinsa, abin da ya rage kuma a miƙa wa mai haƙƙi a kan gidan. Dokar tsohuwar Jihar Yamma ta 1959 ma wannan tsarin ta bi. A ce gida ya sayu naira miliyan 50, mai gwanjo da lauya da talla sun ci miliyan 2, bashi da ruwansa sun kai miliyan 33. Miliyan 15 ɗin da suka saura na mai gida ne, kuma da yake amana ce, wajibi ne banki ya neme shi ya ba shi. Ba alfarma yake yi masa ba.

Musulmin da ya karanta fiƙihu ba zai ga baƙon abu a nan ba. Imam Malik ya yi bayani a Muwaɗɗa cewa idan aka sa sharaɗin kayan jingina za su zama na mai bin bashi muddin wa'adi ya cika ba a biya ba, to sharaɗin ɓatacce ne. Sayarwa ake yi, a biya bashi, a mayar wa mai kaya saura. Abin takaici, a garuruwanmu wannan sharaɗin ne masu ba da rance na bayan fage suka fi so, inda gona ko gida mai daraja ke salwanta a kan bashin da bai kai rabin kuɗinsa ba.

Wani zai ce banki ne ya ɗauki kasada, ya yi shekaru yana jira yana zaryar kotu, me zai hana ya ci ribar da ta faɗo? Amsar ita ce an riga an biya shi ladan kasadar, domin aikin kuɗin ruwa ke nan, ɗawainiyar sayarwa kuma an cire masa ita tun farko. Sannan a duba ɗaya gefen: idan gidan ya sayu ƙasa da bashin, banki ba ya yafe cikon, yana iya maka mutum a kotu ya biya daga sauran dukiyarsa. Wanda bai yarda ya ɗauki giɓi ba, ba shi da bakin neman rara. Ko hukuma ba a bar ta ta ci irin wannan ba. A 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta duba ƙarar wata tsohuwa mai shekara 94 a jihar Minnesota, wadda ƙaramar hukuma ta sayar da gidanta dala 40,000 a kan bashin haraji na kimanin dala 15,000 ta riƙe sauran. Dukkan alƙalan suka ce ba ta da ikon riƙewa.

Sai dai ba kullum ragowar ke zarcewa aljihun mai gida ba. Idan ya sake jinginar da gidan ga wani bayan banki, kuma bankin ya sani, wannan na biyun ne a gaba. Bankin da ya tsallake shi zai biya daga aljihunsa. Idan mai gida ya rasu, kuɗin sun shiga gado. In kuwa masu da'awa sun yi yawa, banki na iya ajiye kuɗin a kotu ta tantance.

A ganina, inda cutar ta fi yawa shi ne kafin a kai ga lissafin ragowa. Bankin da burinsa ya tsira da kuɗinsa ba ya damuwa ko gida ya sayu da daraja, tunda abin da ya haura bashi ba nasa ba ne. A 1971 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila, a shari'ar Cuckmere, ta kama wani kamfanin rance da laifin sakaci saboda tallarsa ba ta ambaci izinin gina ɗimbin gidajen kwana da filin yake da shi ba, ta ce dole mai sayarwa ya yi ƙoƙarin samun farashin kasuwa na gaskiya. Kotunan Nijeriya ba sa rushe ciniki don araha kaɗai, sai an nuna ha'inci ko faɗuwar farashi mai tsanani, shi ya sa mai gida yake buƙatar ƙiyasin ƙwararre tun kafin ranar gwanjo. Banki kuma ba shi da ikon sayar wa kansa. Ya kamata a sake karanta takardar jinginar da kyau, domin bankuna kan sa sharaɗin cewa gidan ya tsaya wa duk bashin da suke bin mutum, ba rancen nan kaɗai ba. Bayan sayarwa, mai gida yana da damar neman cikakken lissafi a rubuce: nawa aka sayar, me aka cire, a kan wane dalili. Idan banki ya ƙi, kotu na iya tilasta masa ya kawo lissafin ya kuma biya abin da ya saura.