Sharuɗɗan Zama Ɗan Najeriya ga Baƙin Masana'antun Kano

Tun bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kasuwancin gyaɗa ya jawo 'yan Labanan, waɗanda Kanawa ke kira Kwarori. Daga baya Indiyawa da 'yan Sin suka biyo sahu, suka kafa masana'antun roba da na saƙa a Bompai da Sharaɗa, da na jima a Chalawa. Da yawa cikinsu, har da ma'aikata daga Jamhuriyar Nijar, suna zaton daɗewa ko haihuwa a Kano ta isa ta mai da mutum ɗan ƙasa, alhali sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1999 bai ɗauki haifaffen Najeriya bayan samun mulkin kai a matsayin ɗan ƙasa ba sai in ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasar ne.

Hanyar baƙon da ba shi da wannan tsatso tana sashe na 27, wato nema daga Shugaban Ƙasa ta hannun Ma'aikatar Cikin Gida. Mai nema sai ya kasance baligi mai cikakken hankali da kyawun hali, ya nuna niyyar zama dindindin, ya zama mai amfanar ƙasa, ya yi rantsuwar biyayya, sannan ya shekara 15 a jere a Najeriya, ko kuma ya zauna watanni 12 a jere daf da nema bayan ya tara shekara 15 cikin shekaru 20 da suka gabace su. Matar da ɗan Najeriya ya aura tana da sauƙin rajista a sashe na 26, sauƙin da baƙon da ya auri 'yar Najeriya bai samu ba.

A Ingila tun 2005 mai nema yana amsa tambayoyi 24 kan tarihi da rayuwar ƙasar. Kundin Najeriya bai ambaci irin wannan jarrabawa ba, amma ya gindaya abin da ya fi ta wuya: sai gwamnan jihar ya gamsu cewa jama'ar wurin sun karɓi mutumin, kuma ya saje da rayuwarsu. Ke nan mai masana'antar da ya shekara 30 tsakanin gidansa mai doguwar katanga da ofis, bai iya gaisuwa da Hausa ba, bai taɓa zuwa ta'aziyyar leburansa ba, yana da rauni a inda tsohon Kwara mai zuba Hausar Fagge yake da ƙarfi, domin wannan darasi ba a haddace shi daga littafi.

Babban tarko shi ne 'yan cuwa-cuwa masu sayar da takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, wadda ba ta mai da baƙo ɗan ƙasa, sai dai ta jefa shi cikin laifin jabu. Haka lambar NIN, da ake ba kowane mazauni na halal, da katin izinin zama na CERPAC daga hukumar shige da fice, duk ba shaidar zama ɗan ƙasa ba ne. Ko bayan samun takardar zama ɗan ƙasa, sashe na 30 ya ba Shugaban Ƙasa ikon ƙwace ta idan aka ɗaure mai ita shekara 3 ko fiye cikin shekaru 7 na farko, kuma kujerar gwamna da ta Shugaban Ƙasa sun haramta gare shi.