Ruwan Fari da 'Ya'yan Awaki

Gaisuwa ta musamman ga matan Dabai da sauran garuruwan ƙasar Zuru, inda ruwan fari kan riga na Argungu da Birnin Kebbi sauka, yawanci daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu.

Lokaci ne mai daɗi. Zafin bazara ya karye, ƙasa na ƙamshi, duwatsu sun fara yin kore. A tsakar gida ga 'ya'yan awaki suna tsalle, ga kaza tana jan 'yan tsakinta. To amma 'yar'uwa, a waɗannan makonni ne kuma ƙananan dabbobi ke yawan mutuwa. Bari mu ga dalili.

Akuya da tunkiya wata biyar suke yi da ciki, wato wajen kwana 150. Wadda ta haihu a watan Mayu, tun Disamba ta ɗauki cikin, lokacin da harawa ta wadata. Watannin ƙarshe na cikin kuwa sun faɗo a tsakiyar bazara, babu ciyawa. Shi ya sa za ki ga ta haihu a rame, nono kaɗan. Ki ƙara mata dusa da ɗan gishiri ko kanwa, kada kuma ruwan sha ya yanke mata.

Shi kuma ɗan, ki tabbata ya sha dakashi, wato nonon farko mai kauri, cikin sa'o'in farko na haihuwarsa. A cikinsa yake samun kariya daga cututtuka, kuma bayan kwana ɗaya hanjinsa ba ya iya ɗaukar wannan kariya. In uwar ta ƙi shi, riƙe ta ki sa masa nonon a baki. Ki kuma shafa masa aidin a cibiya.

Sai batun sabuwar ciyawa. Da damina dabbobi a turke suke saboda shuka, yara ke yiwo musu ciyawa. Cikin da ya saba da busasshen abinci, in aka cika shi da ɗanyar ciyawa lokaci guda, sai zawo ko kumburi. Ki fara ba su busasshiyar harawa da safe, sannan ɗanyar kaɗan-kaɗan. Ki ce wa yaran su bari raɓa ta bushe kafin su yanka, domin 'ya'yan tsutsar ciki a jiƙaƙƙiyar ciyawa suke hawa. A rataye ciyawar, kada a zube ta a kan kashi.

Wurin kwanansu ma ya zama busasshe, da rufi. A riƙa share kashin kullum, mai gida na so ya kai gona.

Akwai kuma annobar awaki da tumaki da likitoci ke kira PPR, mai zuwa da zazzaɓi, majina, gyambon baki da zawo. Ba ta da magani, amma tana da allurar rigakafi, wadda ake yi a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos. Ana yi wa ɗan da ya kai wata huɗu, allura ɗaya kan kare shi aƙalla shekara uku. Ki roƙi mai gida ya tuntuɓi ma'aikatan lafiyar dabbobi a Zuru. In an sayo sabuwar dabba a kasuwa, a ware ta sati uku kafin ta shiga cikin naki.

Zabi ma yanzu suke fara ƙwai. Ki sa wa kaza ta kwanta a kai: nata kwana 21 ne, na zabo 26 zuwa 28. In sun ƙyanƙyashe, a kife su da kwando saboda ruwa da shirwa.

Uwargida, wannan 'yar akuya da ke tsalle a gabanki, ita ce kuɗin makarantar yaro, ita ce gudummawar biki, ita ce ta fitar da ke kunya ranar da lalura ta taso. In ta tsallake wata ukun farko, an wuce mafi wuyar.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa kiwo ya karɓe mu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.