Madara Ba Ta Wanke Huhu: Gaskiya da Ƙarya Kan Hazon Mai a Shagon Sassaƙar Ƙarfe

Duk inda inji ke yanka ƙarfe, ko ya huda shi, ko ya goge shi, sai an riƙa kwarara masa mai ko wani farin ruwa don kada bakin wuƙar ya ƙone. Juyawar injin takan tarwatsa ruwan nan ya zama feshi, zafin yankan kuma ya mai da wani sashensa hayaƙi. Shi ne hazon man da ke rataye a shago, yana sauka a bango da fanka da rigar ma'aikaci. Daga Panteka a Kaduna har masana'antun Sharada da Bompai a Kano, maganganu iri-iri na yawo a kansa. Wasu na da ƙamshin gaskiya, wasu kuwa cutar da masu riƙe da su suke yi.

Wadda ta fi yaɗuwa ita ce ta madara. Maigida kan saya wa yaransa gwangwani bayan an tashi aiki, wai tana wanke ƙirji. Niyyarsa mai kyau ce, amma maganar ba ta da tushe. Hanyar abinci daban, hanyar iska daban: madara ciki take sauka, hazo kuwa huhu yake shiga. A sha madara don abinci ce mai gina jiki. Abin da ke damuna shi ne yaro ya sha ya saki jiki, yana ganin ya gama kare kansa.

Sai masu cewa in ido bai ga hazo ba, to babu shi. Wannan ma ƙarya ce. Manyan ɗigogin da ake gani su ne masu saurin faɗuwa ƙasa. Waɗanda ke wuce hanci su nutsa cikin ƙirji ba su wuce mikiron 10 ba, alhali kaurin gashin kai kimanin mikiron 70 ne. A shekarar 1998 cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta ba da shawarar kada irin hazon da ke kaiwa ƙirji ya wuce miligiram 0.4 a kowace kubik mita ta iska. Hazo kan ninka wannan adadi sau da yawa ido bai lura ba. Mai son tabbatarwa ya rage hasken shago, ya haska tocila mai ƙarfi ta gefen injin yayin da yake aiki, zai ga abin da yake shaƙa yana yawo a cikin hasken.

Maganar da ta fi haɗari, a ganina, ita ce wai farin ruwan nan ba ya cutarwa tunda yawancinsa ruwa ne. Gaskiya ne ruwa ya fi yawa a cikinsa, kuma nan ne matsalar take. Ruwa mai ɗumi, gauraye da mai da ɓarɓashin ƙarfe, yana kwance a tankin inji mako da makonni, wuri ne da ƙwayoyin bakteriya ke hayayyafa. Warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke tashi in an kunna inji bayan hutun kwana biyu aikinsu ne. Da inji ya fesa ruwan, ƙwayoyin da gubarsu sukan hau iska tare da hazon. A tsakanin 2003 da 2004, a masana'antar injin mota ta Powertrain da ke Longbridge a birnin Bamingam na Ingila, kusan ma'aikata 100 cikin kimanin 800 sun kamu da ciwon numfashi, yawancinsu asma, wasu kuma kumburin huhu mai tsanani. Bincike ya ɗora laifin kan hazon ruwan yankan. Abin lura shi ne awon da aka yi a wurin ya nuna yawan hazon galibi bai kai iyakar da aka gindaya a lokacin ba. Daga bisani hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta ƙasar, HSE, ta janye waccan iyaka. Ashe ba yawan hazo kaɗai ake dubawa ba, har da tsabtar ruwan da ya fito daga cikinsa. Saboda haka a riƙa kwashe man da ke taso wa saman tanki, a kiyaye ma'aunin haɗin da kamfanin ya rubuta, a wanke tankin tas kafin a zuba sabo. Zuba sabon ruwa a kan ruɓaɓɓe ɓarnar kuɗi ce.

Haka zancen cewa mai duk mai ne. Baƙin man da aka juye daga mota yana ɗauke da sinadaran da ƙonewa ta haifar, waɗanda aka san suna jawo kansar fata. Ko man da bai samu cikakkiyar tacewa ba, cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa kansa. Arharsa ba ta kai a fesa shi a iskar da mutane ke shaƙa ba.

Fanka da buɗaɗɗen shago fa? Nan akwai rabin gaskiya. Rumfar da iska ke ratsawa ta fi rufaffen ɗaki, babu musu. Sai dai fanka ba ta kama hazo, kora shi take yi, daga gaban mai inji zuwa fuskar na kusa da shi. Shi ma mai inji, kansa na sunkuye daf da inda hazon ke tashi, ya riga ya shaƙa kafin iska ta kwashe. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci kuwa ƙananan ɗigogi na ratsa shi. Ko takunkumin N95 da aka sani tun lokacin korona, harafin N ɗin na nufin ba a yi shi don mai ba. Masu harafin R ko P ne aka yi don wannan aiki.

Abin da ke gaskiya shi ne injin zuƙe hazo yana aiki, in an kafa shi a kan injin yankan kuma an rufe wurin yankan, ta yadda zai janye hazon tun bai kai hancin kowa ba. Wani irin yana juya iskar da gudu har ɗigogin su haɗu su tsiyaye, wani yana kama su da cajin lantarki a kan faranti, wani kuma yana bi da iskar ta cikin jerin matatai. Hayaƙi mafi laushi sai matata ta ƙarshe, irin HEPA, wadda ke tare kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyi masu girman mikiron 0.3. Amma waɗannan matatai ba sa kama tururin mai, don haka fitar da iskar waje, nesa da taga da maƙwabta, ya fi mayar da ita cikin shago.

Kuskuren da ke biyo baya shi ne a ɗauka da an kafa injin an gama. Matata na toshewa, faranti na yin dauɗa, sai inji ya yi ta ƙara alhali zuƙarsa ta mutu. Dokar Birtaniya ta wajabta a yi wa irin waɗannan na'urori cikakken gwaji aƙalla sau ɗaya a wata 14. Halin ma'aikaci ma na iya rushe aikin: buɗe ƙofar inji da zarar ya tsaya, kafin hazon ciki ya washe, ko hure kayan da aka yanka da iskar kwamfiresa, duk suna watso hazon kai tsaye a fuska.

Ɗan'uwa mai wannan sana'a, in kana tari ko ƙirjinka na shaƙewa a ranakun aiki, amma ka ji sauƙi in ka yi hutun Sallah ko ka yi tafiya, kada ka tsaya a kan madara da maganin tari. Kumburin huhun da hazon nan ke jawowa yana kama da nimoniya ko tarin tibi, kuma in aka ci gaba da shaƙa yakan bar tabon da ba ya warkewa. Ka je asibiti da wuri, ka faɗa wa likita irin aikin da kake yi da irin ruwan da injinka ke fesawa.